Yadda ake ziyartar gidan zanen haske idan tafiya ta kai ka wani birni

Gidan zanen haske wuri ne da ake toshe duk wata kafar hasken rana, a kashe fitilu, sannan a haska zane da majigi masu yawa a bango da ƙasa da rufi, ga sauti ta kowace kusurwa, har mutum ya tsinci kansa a tsakiyar zanen yana tafiya a cikinsa. Waɗanda suke fitowa suna cewa kuɗinsu ya tafi a banza, yawancinsu tun daga masauki suka yi kuskuren: ko sun sa suturar da ba ta dace da wurin ba, ko sun sayi tikitin wani gida suka nufi wani, ko sun shiga da gaggawa saura awa ɗaya motarsu ta tashi. Saboda haka rabin aikin a waje ake yin sa.

Gidajen ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin irin wanda za ka shiga shi ne zai gaya maka abin da za ka sa da lokacin da za ka ware. Akwai na zama a kalla, kamar Atelier des Lumières da ke Paris, wanda aka buɗe a 2018 cikin wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da aka gina a 1835. Majigi 140 ne ke haska ayyukan tsofaffin masu zane a bangaye masu tsayin mita 10, shirin kuma an riga an naɗe shi, in ya ƙare sai ya sake farawa. Akwai na yawo, kamar teamLab Borderless na ƙungiyar masu zane da aka kafa a Japan mai suna teamLab, wanda ke da gida a Tokiyo da kuma wani a tsohon garin Jidda da aka buɗe a watan Yunin 2024. A nan babu taswira, ɗakuna ne suke shiga juna, zanen ma yana fita daga wannan ɗaki ya shiga wancan. Sai na uku, wanda ake shiga da jiki gaba ɗaya, wato teamLab Planets da ke unguwar Toyosu a Tokiyo, inda ake cire takalmi a taka ruwa har gwiwa. Gidan teamLab na Abu Dabi da aka buɗe a 2025 a tsibirin Saadiyat shi ma yana da ɓangaren ruwa.

Kayan da ake bukata

Ba su da yawa. Waya da cajinta cike, da ƙaramin fawa banki mai shiga aljihu, domin kyamara a cikin duhu tana zuƙe batir. A bar wa wayar wuri aƙalla giga 5. Tikiti, wanda lambar QR ce da ake turowa ta imel. A ɗauki hotonta a ajiye cikin hotunan waya, kada a dogara da intanet a bakin ƙofa. Fasfo ko wata shaida, musamman in an sayi tikitin yara ko na ɗalibai mai rangwame. Wando mai sakin ƙafa da zai naɗu har saman gwiwa. Kambas ko wani rufaffen takalmi maras tsini. Igiyar rataya waya a wuya ko a hannu. Ɗan ƙyalle mai laushi na goge idon kyamara. Wanda ƙara ke damunsa ya ƙara da abin toshe kunne, in babu, auduga ta wadatar.

Abin da za a bari a masauki: babban akwati, ƙafar kyamara, sandar ɗaukar hoton kai, abinci da abin sha. Gidajen teamLab ba sa barin a shiga da ƙafar kyamara ko sanda, lokokin ajiya kuma ƙanana ne, jakar goyo suke ɗauka.

1. Tantance gidan da sunansa cikakke

A Tokiyo gidajen teamLab biyu ne, kuma tikitin ɗaya ba ya shigar da kai ɗayan. Planets yana Toyosu, Borderless yana Azabudai Hills. Ƙari a kan haka, Borderless na farko a Odaiba yake, an buɗe shi a 2018, aka rufe a watan Agustan 2022, sannan aka buɗe sabon a watan Fabrairun 2024. Har yanzu intanet cike take da tsofaffin bayanai da bidiyoyi masu tura mutane Odaiba. Duk bayanin da ka gani, duba shekararsa, sannan ka tabbatar da adireshin a shafin gidan kansa.

In gidan irin na Paris ne, duba shirin da ake nunawa a lokacin, domin yana canzawa. Da Gustav Klimt suka buɗe a 2018, a 2019 suka nuna Van Gogh. Wasu zane-zanen Turawa na da akwai tsiraici a cikinsu, kuma a bango mai mita 10 babu inda za ka kau da idon yaro. Mai tafiya da iyali ya kalli gajeren bidiyon tallan shirin kafin ya biya. Haka nan duk gidajen akwai kiɗa daga shiga har fita, wanda yake kauce wa kiɗa ya san da wannan tun da wuri.

2. Zaɓi rana da sa'a

Tikitin na rana ɗaya ne da sa'a ɗaya. Sa'ar da ka zaɓa ta shiga ce. In ka shiga, galibi ba a ƙayyade maka lokacin fita sai na rufewa. Mafi kyau shi ne rukunin farko na safe a ranar aiki, domin tun da ba a korar kowa, jama'a taruwa suke yi, kafin azahar ɗakunan sun cika. Na biyu a kyau shi ne awa biyu ko uku kafin a rufe. Kada ka ɗauki rukunin ƙarshe a gida irin na yawo, za a fara kora kana tsakiya.

Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, kuma mutanen Jidda da dare suke fita, don haka rana tsaka a ranar aiki ta fi sauƙi. A watan azumi lokutan buɗe wurare suna komawa dare, sai a duba jadawalin watan. A Japan a guji ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin dogon hutunsu ne, da kuma ƙarshen Maris da farkon Afrilu da baƙi ke tururuwa kallon furanni. A irin waɗannan ranaku tikiti kan ƙare makonni kafin ranar.

Ka lissafa da salla. Tikiti shiga ɗaya yake bayarwa, in ka fita ba ka dawowa. Ware awa ɗaya ga na Paris, awa biyu ga Planets, awa biyu zuwa uku ga Borderless, sannan ka zaɓi tsakanin sallolin da zai ɗauki wannan. Tsakanin safiya da azahar ya fi kowane faɗi. Shiga bayan la'asar a lokacin sanyi yana nufin magariba za ta same ka a ciki, ga shi babu taga balle ka ga rana ta faɗi.

3. Biya kuɗin

A saya a shafin gidan kansa, ko a manyan shafukan sayar da tikiti da gidan ya ambata. Wanda ya tare ka a hanya ko a WhatsApp da tikiti mai araha, ƙyale shi: lambar QR sau ɗaya take aiki, kuma babu abin da zai hana a sayar wa mutum biyar hoton lamba ɗaya.

Matsalar da ta fi kama matafiya daga ƙasashenmu ita ce ta kati. Katin naira da yawa yana da iyakar abin da zai biya a shafukan waje, wani ma ba ya biya sam, kuma ko da ya yarda, banki zai turo lambar tabbatarwa zuwa layinka na gida, wanda ka riga ka cire ka sa na ƙasar da kake. Hanya mafi sauƙi ita ce ka saya tun kana gida. In ka riga ka tafi, mayar da tsohon layin cikin waya na ɗan lokaci don saƙon ya shigo, ko ka yi amfani da katin dala, ko ka ba wani amintacce mazaunin garin kuɗi a hannu ya biya da katinsa ya sa imel ɗinka. Ma'aikatan otal ma sukan taimaka da wannan.

Kafin ka danna biya, karanta kwanan watan sau biyu. Japanawa da shekara suke farawa, sai wata, sai rana. Sa'ar da ke jikin tikiti ta garin ce: Jidda tana gaban Kano da Yamai da awa 2, Tokiyo da awa 8. In ka sa tunatarwa a waya kana gida, tana iya sauya sa'ar da kanta bayan ka sauka, don haka rubuta sa'ar a cikin sunan tunatarwar.

4. Sutura

Nan ne ya kamata mai irin shigarmu ya fi tsayawa ya yi tunani. Abu uku ake dubawa: madubi, ruwa da launi.

Wasu ɗakunan ƙasansu madubi ne, ana yin haka don fitilu su zama kamar ba su da ƙarshe sama da ƙasa. Duk wanda ya shiga da zani, siket, abaya ko jallabiya ba wando a ciki, madubin zai nuna abin da tufar ta rufe, ga kowa da waya a hannu. Mace ta sa dogon wando a ƙarƙashin abayarta, namiji mai jallabiya shi ma haka. Planets suna ba da aron gajeren wando kyauta a wajen lokoki, amma iyakarsa gwiwa, mai son rufe ƙafarta gara ta zo da nata.

Babbar riga a bar ta a masauki. Hannunta zai riƙa kama igiyoyin fitilu da ke rataye, ga zafi in jama'a sun cika. Abaya mai jan ƙasa ma haɗari ce a inda ake hawa da sauka cikin duhu, a sa wadda ta tsaya a idon sawu. Mai niƙabi ta sani ganinta zai ragu ƙwarai a lungunan da ke tsakanin ɗakuna, ta riƙe hannun abokiyar tafiya ko ta bi bango. A ɓangaren tsalle-tsalle da hawa na Borderless na Jidda ƙasa ba a miƙe take ba, akwai tudu da gangare da wurare masu lotsawa, silifas da takalmi mai tsini ba sa yi.

Launi kuwa, majigi a kan fari yake fitowa. Mai farar shadda ko farar jallabiya furanni da ruwan da ake haskawa za su zauna a jikinsa tsaf, a hoto ya fito kamar cikin zanen aka yi shi. Baƙar abaya shanye hasken take yi, sai fuska kaɗai ta rage. In hoto ya dame ki, ɗora farin hijabi ko mai ruwan madara a kai. Atamfa mai zane da yawa tana rikicewa da abin da ake haskawa, ba a gane ko ɗaya.

5. Hanya

Ka isa minti 15 zuwa 20 kafin sa'arka. Planets yana dab da tashar Shin-Toyosu a layin jirgin Yurikamome, ana fitowa ana ganinsa. Kada ka rikita ta da tashar Toyosu, wadda ke da tafiyar kusan minti 10 a ƙafa. Borderless na Tokiyo ta tashar Kamiyacho ake zuwa, a layin Hibiya, kuma a ƙasan gini yake, sai an bi alamu. Na Paris yana lamba 38 a titin Saint-Maur, tashoshin Voltaire da Saint-Ambroise na layi na 9 suna kusa.

Mai umara da ke Makka, Jidda ba ta wuce tafiyar kilomita 80 ba, ga mota ga jirgin ƙasa na Haramain. A jirgin, tashoshi biyu ne a Jidda: Sulaimaniyya, wadda ita ce ta cikin gari, da ta filin jirgin sama, wadda ta yi arewa da nisa. A Sulaimaniyya za ka sauka, ka kira Uber ko Careem zuwa Balad, wato tsohon garin Jidda inda gidan yake. Ka je bayan ka kammala umararka ka cire harami, ka sanar da shugaban tawagarku inda za ka. In ranar komawa gida ka sa ziyarar, kada ka taho da akwatuna da jarkar zamzam kana sa ran loka za ta ɗauka. Bar su a otal ko a motar tawaga.

6. A bakin ƙofa

Ƙara hasken allon waya kafin ka miƙa lambar, na'urar ba ta karanta allo mai duhu ko mai tsaga a kan lambar. In ku da yawa ne a tikiti ɗaya, sai kun taru za a shigar da ku. Za a nuna gajeren bayani na dokoki, a saurara, a nan ake faɗin ɗakunan da ke da ruwa ko walƙiya.

Zuba komai a loka: jaka, rigar sanyi, fasfo, a ɓangaren ruwa na Planets har da takalmi da safa. Ɗaura makullin a hannu, ka ɗauki hoton lambar lokar, domin bayan awa biyu a duhu duk lokoki kama suke yi. Sannan ka shiga bayi ko ba ka ji bukata ba, yara kuma dole. Keken turin jariri ba ya shiga, a zo da zanin goyo.

7. Mintocin farko

Lungun shiga duhu ne da gangan. Ido yana bukatar minti 5 zuwa 10 kafin ya fara sabawa, kuma duk lokacin da ka kalli allon waya mai haske ka mayar da shi baya. Rage hasken allon zuwa ƙasa, ka sa wayar a aljihu, ka yi ɗakin farko ba hoto. Kada ka kunna tocila don ganin hanya, tana wanke zanen a idon kowa, ma'aikata kuma za su yi maka magana. Yi tafiya a hankali da hannu ɗaya a gaba, domin bangon madubi yana kama da hanya, goshi da yawa sun shaida haka.

8. Yadda ake kallon

A irin na Paris babu wahala. Ka shiga ko a tsakiyar shiri ne, ka lura da inda ka same shi, ka zauna har ya zagayo. Zagaye na farko ka kalla daga ƙasa a tsakiyar zauren, na biyu ka hau benen da ke ciki, daga can ne ake ganin abin da ake haskawa a daɓe.

Na teamLab daban ne, kuma wanda bai san yadda yake aiki ba zai wuce rabinsa. Ƙungiyar, wadda Toshiyuki Inoko ya kafa da abokansa a 2001, ba bidiyo take kunnawa ba. Kwamfuta ce ke zana abin a daidai lokacin da kake kallo, wasu na'urori kuma suna gane inda mutum yake tsaye da inda ya taɓa. Gidan Odaiba na farko kwamfuta 520 da majigi 470 ne suke tafiyar da shi. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne zanen yana amsa maka, amma sai ka ba shi lokaci. Tsaya cik a wuri ɗaya na rabin minti, furanni za su fara tsirowa a inda kake. Shafa bangon, su kakkaɓe su watse. A ɗakin da ruwan haske ke zubowa daga sama, tsaya a ƙarƙashinsa ka ga ya rabu biyu ya zagaye ƙafafunka. Malam-buɗe-littafin da ke yawo a bango in ka taɓa shi faɗuwa yake yi. A ɗakin fitilu masu rataye na Jidda, in ka tsaya kusa da fitila ɗaya sai ta yi haske ta miƙa wa na kusa da ita, launin ya bi ɗakin yana tafiya. In ka ga wani launi ya taho daga can nesa, wani ne ya tsaya a can. Da tafin hannu ake taɓawa, a hankali. Ba a jan igiyoyin fitilu, ba a jingina da madubi.

Borderless kamar lungunan kasuwar Kurmi yake ga baƙo, sai ka wuce ƙofa sau uku ba ka san ƙofa ce ba. Wasu ɗakunan bayan baƙin labule suke. Dabarar ita ce zagaye biyu. A na farko ka bi bangon hannun dama, duk labule ko lungun da ka gani ka leƙa, kada ka daɗe. A na biyu ka koma ɗakunan da suka burge ka ka zauna, za ka tarar abin da ke bangon ya canza, domin wani zanen ya shigo daga maƙwabta. In ka ga layi a ƙofar wani ɗaki, ana shigar da mutane rukuni-rukuni ne na 'yan mintoci. In layin ya yi tsawo wuce, ka dawo daga baya. Kafin ka nufi ƙofar fita tambayi ma'aikaci ko akwai ɗakin da ka tsallake, ka nuna masa hotunan da ke shafinsu in harshe ya gagara. Manhajar teamLab kyauta ce, tana bayanin aikin da kake kusa da shi, a ɗakin igiyoyin fitilu kuma ana iya jefa taurari cikin hasken da ita. A sauke ta tun a otal.

Abu biyu sun cancanci a tsaya musu. Na farko teburin zane: za a ba ka takarda mai siffar kifi ko wata dabba da alƙaluman launi, ka cika, ma'aikaci ya sa ta a na'ura, sai ga kifinka yana iyo a bango. A danna launin sosai a cika ko'ina, launi mai rauni ba ya fitowa, a kuma rubuta suna da manyan baƙaƙe don yaro ya gane nasa. Na biyu ɗakin shayi, wanda kuɗinsa daban ne: fure yana buɗewa a cikin kofin muddin akwai shayi, in ka ɗaga kofin sai ganyen furen ya watse a kan tebur.

9. Ɓangaren ruwa

Wannan na masu zuwa Planets ne. Hanya ɗaya ce ake bi, ana farawa da hawa wani gangare da ruwa ke gangarowa a kansa, daga baya a shiga ɗakin da ruwa ya kai gwiwar babba, kifayen haske suna iyo a kansa, in sun yi karo da mutum su zama furanni. Naɗe wando tun a wajen loka, ninki uku ko huɗu mai ƙarfi, domin in ya warware a tsakiyar ruwa babu wurin gyara. Yaro ƙarami a ɗauke shi, a kuma zo masa da kayan canji. Ja ƙafa ake yi, ba a ɗaga ta. Ana ba da tawul a wajen fita daga kowane ruwa.

Kada a shafa mai a ƙafa ranar, santsi yake sa wa. Wadda ta yi sabon lalle ta bari ya kama ya bushe sarai, a wanke, kafin ranar zuwa. Mai rauni a ƙafa, musamman mai ciwon suga, kada ya shiga ruwan. Shi da mai juna biyu, da tsoho, da wadda ba ta son buɗe ƙwaurinta, su gaya wa ma'aikaci tun a ƙofa, akwai hanyar da ake zagaye ruwan. Waya kuwa a rataye take shiga. Nan ne igiyar nan take biyan kuɗinta.

10. Hoto

Kashe filashi gaba ɗaya, kada ka bar shi a kan zaɓin waya. Goge idon kyamara, maiƙon yatsa shi ke sa fitilu su yi jela. Yi amfani da babban idon wayar, na 0.5 mai faɗi rauni gare shi a duhu. Taɓa allon a wurin da ya fi haske, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Waya tana ƙoƙarin haskaka duhu ne, sai launuka su koɗe. Tsarin dare yana riƙe hoto daƙiƙa ɗaya zuwa uku, zanen kuma motsi yake yi, don haka yakan fito a dame. In ya yi haka kashe shi. Wanda za a ɗauka ya tsaya kusa da bango yana fuskantar inda hasken ke fitowa, ya daina motsi. In ya ba hasken baya, inuwa za a samu.

In ka ga ratsi-ratsi suna gudu a bidiyo, saurin kyamarar ne bai daidaita da na majigi ba. Sauko da shi daga 60 zuwa 30 a daƙiƙa, mai wayar da ke da saitin hannu ya sa saurin ɗauka a 1/30 ko 1/60. Bidiyon 4K a iPhone yana cin kusan mega 170 a minti a kan 30, na 1080 kusan 60, kuma na biyun ya ishi WhatsApp. Gajeru na daƙiƙa 10 zuwa 15 sun fi dogo. Kada ka saita kyamara a fuskar matan mutane, a Saudiyya musamman wannan yana iya jawo maka magana mai tsawo.

11. Jiri, yara da tsofaffi

Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, jiki yana cewa a tsaye yake, daga nan jiri da tashin zuciya suke zuwa. Ya fi faruwa a ɗakunan da rufi da bango suke juyawa tare. Da ka ji shi, zauna, ka kalli tafin hannunka ko ka rufe ido na minti ɗaya, sannan ka fita zuwa lungu. Kada a shiga da yunwa, kada kuma a shiga da cikin da aka cika da shinkafa yanzun nan. Mai farfaɗiya ya nemi shawarar likitansa kafin ya sayi tikiti, domin akwai walƙiyar fitilu. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, wasu ɗakunan ana sakin hazo da ƙamshi.

Yara ɓacewa suke yi cikin daƙiƙa, ga duhu ga madubi. Kowane babba ya san yaron da ke hannunsa, a sa wa yaro takarda a aljihu da lambar wayar da ke aiki a ƙasar, a nuna masa irin rigar ma'aikata. Wuraren zama kaɗan ne, in da dattijo a tafiyar a riƙa hutawa duk inda aka samu benci.

12. In tikiti ya ƙare, da bayan fita

In shafin ya nuna ranarka ta cika, duba rukunin dare, sannan ka sake dubawa da sassafe da kuma daren jajibiri, wani lokaci gurbi yana buɗewa. In ku biyar ne ba a samu wuri ɗaya ba, ku rabu rukuni biyu masu bin juna, na farko su jira a ɗakin farko. A Tokiyo in ɗaya ya cika a gwada ɗayan. A Dubai akwai AYA a Wafi da Arte Museum a Dubai Mall, ga wanda kasuwanci ya kai shi can yana da yamma ɗaya a hannu.

Kafin ka bar ginin duba lokar har ƙurya, ka mayar da makulli da wandon aro. Tsaya minti biyu a inuwa kafin ka fita cikin rana, musamman a Jidda, in ba haka ba idon zai yi ta ruwa. Gidan na Jidda a bakin Balad yake, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, don haka in ka fito da sauran lokaci, Gidan Nasif da masallacin Shafi'i da kasuwar Alawi duk ana zuwa a ƙafa. In jirgin Haramain za ka bi ka koma Makka, sayi tikitin komawa tun da safe, ka bar tazarar awa ɗaya da rabi tsakanin fitowarka da tashinsa saboda cunkoson motocin yamma.